Dillalin da Ba Ya Karɓar La'ada

Duk wanda ya taɓa buɗe Rancher ko OpenShift, wato manhajojin da ake sarrafa gungun kwamfutoci da su, ya san wani shafi a cikinsu mai kama da kantar babban kanti. Tambura ne a jere reras, kowanne da sunansa da ɗan bayani na layi biyu: wannan na adana bayanai ne, wannan na sa ido kan lafiyar injina, wancan na tsaron ƙofa. A ƙarƙashin kowane tambari akwai maɓalli guda da ke cewa a girka. In ka danna shi, kafin shayin da ke gabanka ya huce aiki ya kammala, alamomi duk sun koma kore. Ba wanda ya tambaye ka ko sisi.

A cikin aikina babu abin da ya kai danna maɓallin nan sauƙi, kuma babu abin da nake jan ƙafa kafin in yi kamarsa.

Sana'ata kula da injinan ƙananan ma'aikatu ce a tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni. Wanda ya san yankin ya san yadda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jawo sana'o'i suka yi masa zobe: ɗakunan gwajin jini, wuraren ɗaukar hoto, kantunan magani, da ƙananan asibitoci masu zaman kansu, tun daga bakin Titin Zariya har cikin Court Road. Da yawansu sun bar littafi da biro. Sakamakon gwaji, lissafin magani, rajistar marasa lafiya, duk suna cikin wasu injina biyu ko uku da aka ajiye a ɗan ɗaki a bayan ofis, kusa da inbata da baturanta. Irin waɗannan ɗakuna ne wurin aikina. Ba Google ba ne, ba banki ba ne, amma ranar da injin ya tsaya akwai mutumin da ya taso daga Wudil ko Bichi da asuba, yana zaune a kan benci yana jiran takardar da likita zai duba kafin ya rubuta masa magani.

Ga mai karatun da ba wannan ne fagensa ba, bari in shimfiɗa maganar a taƙaice.

Kalmar kwantena aro ce daga harkar jiragen ruwa, kuma Bakano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayaninta. Akwatin ƙarfen da ke kawo atamfa Kantin Kwari siffarsa ɗaya ce ko da me aka zuba a ciki, shi ya sa kowane jirgi da kowace tirela ke iya ɗaukarsa ba tare da an kwance kaya ba. Haka ake yi wa manhaja. A haɗa ta da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, a ɗaure su ƙunshi guda, sai ta tashi a kowace kwamfuta kamar yadda ta tashi a gaban wanda ya rubuta ta. Kamfanin Docker ne ya yaɗa wannan dabara daga 2013. Da kwantenoni suka yi yawa sai aka buƙaci mai rarraba su a kan injina, kuma wanda ya yi nasara a wannan fage shi ne Kubernetes, wanda Google ta saki a 2014, sigarsa ta farko cikakkiya ta fito a 2015. Aikinsa kamar na sarkin tasha ne. Kana da motoci uku, wato injinanka uku da suka haɗu suka zama gungu. Shi ne mai cewa wannan kaya ya shiga waccan mota, in kuma wata ta lalace a hanya ya yi juyen kayanta zuwa sauran ba tare da ya tashe ka daga barci ba.

Sai dai Kubernetes a karan kansa kango ne. An yi gini an yi rufi, amma babu ƙofa, babu famfo, babu mita. Ba ya zuwa da abin da zai karɓi baƙi daga intanet ya kai su ɗakin da ya dace. Ba ya zuwa da abin da zai sabunta takardar shaidar tsaro ta shafinka, wadda in ta Let's Encrypt ce wa'adinta na yau da kullum kwana 90 ne. Ba ya zuwa da abin da zai gaya maka faifai ya kusa cika. Duk waɗannan ƙari ne da kai za ka nemo ka ɗora, kuma kundin nan mai tambura shi ne kasuwarsu.

Kayan aikin da aka fi girka su da shi sunansa Helm. Masu wannan fage sun ƙulla wa teku amana wajen raɗa suna: Kubernetes a harshen Girkanci matuƙin jirgin ruwa ne, Helm sitiyarin jirgin, abin da Helm yake girkawa kuma ana ce masa taswira. Wani ƙaramin kamfani mai suna Deis ne ya fara shi a 2015, yau kuwa yana ƙarƙashin gidauniyar CNCF tare da Kubernetes ɗin kansa.

A nan ne abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba yake. Taswirar da ka girka ba ta ɗauke da manhajar. Takardar umarni ce kawai. Tana cewa: je wurin kaza a intanet ka ɗauko ƙunshi mai suna kaza, ka ba shi ƙwaƙwalwa gwargwadon kaza, ka buɗe masa ƙofa kaza, ka ba shi izinin taɓa kaza da kaza. Saboda haka dannawa ɗaya da ka yi ta ratsa hannuwa da dama. Akwai waɗanda suka rubuta manhajar. Akwai wanda ya ɗaure ta a ƙunshi, kuma sau da yawa ba su ba ne. Akwai wanda ya rubuta taswirar. Akwai mai rumbun da ƙunshin yake ajiye a ciki, wanda ke biyan kuɗin wuta da na layi duk lokacin da wani a duniya ya sauke shi. Sai kuma mai kundin, wanda ya jera maka tamburan. Mai yiwuwa ne waɗannan biyar ba su san juna ba, kuma tabbas ne babu ɗayansu da ya san ka.

Mu a nan mun san dillanci, mun kuma san ƙa'idarsa. In dillali ya haɗa ka da mai gida ko mai mota ya karɓi la'adarsa, to ya shiga cikin cinikin. Gobe in takarda ta fito ta bogi ka san rumfar da za ka same shi, ka san shugaban dillalan da za ka kai ƙara wurinsa. La'adar nan da muke ƙorafi a kanta ita ce igiyar da ke ɗaure shi. Kundin manhajoji kuwa dillali ne da ba ya karɓar komai. Ya nuna maka kaya, ya ce ga shi can, ya juya. Artifact Hub, wanda shi ne babban kundin taswirori na gama-gari, yana ƙoƙari: yana sa alama a kan mawallafin da aka tantance, yana nuna rahoton raunukan tsaro da aka gano a cikin ƙunshi. Amma alamar tana tabbatar da cewa mutumin shi ne mai rumbun da ya ce nasa ne. Ba ta yi maka alkawarin zai ci gaba da kula da kayan baɗi ba. Lasisin da ke kan irin waɗannan manhajoji ma ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa an ba ka su yadda suke, babu lamuni kowane iri.

Wannan ba zato ba ne, abin ya faru ya kuma maimaitu.

A farkon zamanin Helm akwai babban rumbun taswirori guda da kowa ke ɗiba daga ciki, har littattafan koyarwa suna rubuta adireshinsa kamar abin da ba zai taɓa gushewa ba. Masu kula da shi 'yan sa-kai ne, aiki ya fi ƙarfinsu, kuma a ranar 13 ga Nuwamba 2020 aka daina tallafa masa. Kowace taswira ta kama gabanta, wasu suka sami sabon gida, wasu suka zama marayu. A watan nan dai Docker Hub, rumbun ƙunshi mafi girma, ya sa iyaka: wanda bai yi rajista ba sau 100 kawai zai sauke kaya a cikin awa shida, ana ƙirgawa da adireshin intanet ɗinsa. Ga ofishin da ke da layin kansa wannan ba wani abu ba ne. Ga wanda ke kan layin kamfanin waya, inda akan tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi guda, yana iya tarar da wasu da bai sani ba sun cinye masa rabonsa. A Afrilun 2023 Kubernetes da kansa ya daskarar da tsohon rumbunsa ya koma sabon adireshi, domin nauyin kuɗin rarraba kayan ya yi wa mai ɗaukarsa yawa.

Wanda ya fi girgiza mutane shi ne na Bitnami. Shekara da shekaru, in kana son PostgreSQL ko Redis ko WordPress a kan gungu, taswirar Bitnami ce amsar da kowa zai ba ka. Tsararru ne, ana sabunta su a kan kari, kyauta ne, har wasu taswirorin na wasu mutane daban suka riƙa jingina a kansu a ɓoye, ta yadda mutum zai iya dogaro da Bitnami bai taɓa ganin sunan ba. VMware ta sayi Bitnami a 2019. Broadcom ta sayi VMware a Nuwamban 2023. A Yulin 2025 aka sanar cewa daga 28 ga Agusta za a kwashe yawancin ƙunshin kyauta zuwa wani rumbun tsofaffin kaya da ba za a ƙara sabuntawa ba, wanda ke son cikakken kundi mai kulawa ya biya. Da aka yi ca, sai aka ɗage share tsohon rumbun zuwa 29 ga Satumba. Ban ga laifin da za a kama kamfanin da shi a shari'a ba. Kayansa ne, bai taɓa sa hannu cewa zai ciyar da duniya har abada ba. Abin lura shi ne taswirorin da mutane suka girka suna nan lafiya lau a injinansu, adireshin da suke nunawa ne aka kwashe kayan da ke cikinsa. Kuma irin wannan ɓarna ba ta bayyana a ranar da aka yi ta. Kwantenar da ke aiki za ta ci gaba da aiki. Sai ranar da ta faɗi ta nemi tashi a wani injin, ta je ɗauko ƙunshinta, ta tarar da wayam.

Wannan batu na faɗuwa da tashi shi ne ya sa maganar ta fi nauyi a Kano fiye da Frankfurt. A babbar cibiyar bayanai inji na iya shafe shekara ba a kashe shi ba. Mu kuwa injinanmu suna mutuwa suna farfaɗowa kamar yadda wuta ta ga dama, kuma kowace farfaɗowa jarrabawa ce ga duk igiyoyin da suka ɗaure mu da waje.

An taɓa kira na wani ɗakin gwaji da ba ni na kafa musu tsari ba. Wanda ya kafa ya iya aikinsa, injina uku, komai a tsare, ya kuma sami aiki a wata ƙasa ya tafi. Wuta ta daɗe ba ta zo ba, batura suka ƙare cikin dare, da safe aka tayar da janareta sai injina biyu suka tashi, na ukun ya ƙi. Kubernetes ya yi abin da aka gina shi ya yi, ya yi juyen kayan na ukun zuwa sauran biyun. Amma ƙunshin ɗaya daga cikin manhajojin babu shi a kansu, don bai taɓa aiki a can ba. Sai sun sauke shi daga wani rumbu a Turai ko Amurka, layin intanet ɗin ofishin kuma ranar ya mutu. Ga bayanan marasa lafiya a faifai babu abin da ya same su, ga wuta ta samu, ga injina biyu lafiyayyu, amma aiki ya tsaya cak saboda 'yan megabait ɗari da ke wata nahiya. Hajiyar da ke da wurin ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Injiniya, ni fa abin da ban gane ba, kayan nan ba a cikin ɗakin nan suke ba? Me kuma ya haɗa mu da Turai?" Na ce, "Hajiya, kayan naki ne, amma makullin wani ɗakin yana hannun maƙwabci." Da wayata muka sauke ƙunshin, wajen azahar aka fara ba mutane sakamako.

Tambayar Hajiya ita ce tambayar da ta dace, kuma ba ranar kaɗai ta shafa ba. A 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Yammacin Afirka, har bankuna a Najeriya suka shiga tasku. A ƙarshen Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta kwana da kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Wanda ya zauna a Kano a waɗannan makonni ba ya buƙatar a tuna masa. Taswirar da aka rubuta a wurin da intanet yake kamar iska ba ta san da irin wannan rana ba, kuma ba laifin marubucinta ba ne.

Maganin wannan ɓangare na matsalar mun daɗe da saninsa, ba ma a ɗakin kwamfuta muka koye shi ba. Ku je kasuwar waya ta Farm Centre a nan Tarauni, ko kowace kwana da ke da rumfar masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya. Yaran nan sun gane lissafin tun zamanin da data ke da tsadar gaske: a sauke abu sau ɗaya, a ajiye a faifai, a tura wa mutum ɗari ba tare da an sake taɓa intanet ba. In layi ya ɗauke, kasuwarsu ba ta tsayawa. Abin da nake yi wa kowane gungu da ke hannuna ke nan. Ina kafa ƙaramin rumbu a cikin ofishin, wani lokaci da Harbor, wani lokaci da abin da ya fi shi sauƙi, duk ƙunshin da muke amfani da shi in ajiye kwafinsa a nan, in gyara taswirar ta riƙa nuna gida. Ita taswirar ma ina ajiye kwafinta tare da lambar sigarta. Kuma ba na yarda da lakabin da ke cewa "na baya-bayan nan", domin lakabi ana iya cire shi daga wannan ƙunshi a manna wa wancan. Akwai doguwar lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin ƙunshin kansa, wadda in an canja ko harafi ɗaya a ciki za ta canja, ita nake rubutawa. Aikin yini ɗaya ne da faifai guda. Abin mamaki shi ne yadda ba kasafai ake yin sa ba.

Rumbun gida yana maganin ɓacewar kaya, amma ba ya gaya maka abin da ke cikin kayan. Wannan kuma sai da karatu.

Helm yana da umarnin da zai fitar maka da duk abin da taswira za ta aikata ba tare da ya aikata ba. Ga ƙaramar manhaja shafi uku ne ko huɗu, ga babba yana iya zama layi dubbai. Ba na da'awar ina karanta kowane layi. Abin da nake nema da farko shi ne sashen izini. Manhajoji da yawa na wannan kundi suna neman a ba su ikon da ya game gungun gaba ɗaya, ciki har da karanta ma'ajiyar kalmomin sirri, kuma maɓallin nan yana ba su ba tare da ya ɗaga murya ba. Wani lokaci buƙatar gaskiya ce. Wani lokaci marubucin ne ya ga ya fi masa sauƙi ya nemi makullin gida duka a kan ya zauna ya tantance ɗakin da zai shiga. A Maris 2025 masu bincike na kamfanin Wiz suka bayyana wani rauni a Ingress NGINX, manhajar tsaron ƙofa da ta fi kowace yaɗuwa a wannan fage, aka ba shi maki 9.8 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Abin da ya sa ya kai haka shi ne mai gadin yana riƙe da makullan kowa, wanda ya kama shi ya kama gidan. A ɗakin gwajin da ke Gyadi-Gyadi, abin da ke bayan waɗannan makullai shi ne wa ke ɗauke da wace cuta, a garin da kowa ya san kowa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora alhakin a wuyan ma'aikatar da ta tara bayanan. Ba a karɓar uzurin cewa daga kundi aka ɗauko. Girka taswirar da ba a duba izininta ba cinikin biri a sama ne, da kuɗin wani kuma.

Abu na biyu da nake dubawa shi ne awon da aka yanka rigar da shi. Kowace taswira tana zuwa da zaɓuɓɓukan da marubucinta ya ga sun dace da yawancin mutane, kuma yawancin mutanen da ke ransa suna hayar injina ne a Amazon ko Google, inda ƙarin ƙwaƙwalwa dannawa ɗaya ce. Shahararriyar taswirar sa ido ta Prometheus tana shigowa da Grafana da Alertmanager da wasu 'yan rakiya, kuma a kan ƙananan injina uku tana iya cin abin da ya fi na manhajar da aka kawo ta ta gada. Longhorn, mai kula da faifai, yana ajiye kwafi uku na kowane abu in ba ka hana shi ba, wanda dabara ce mai kyau in ka shirya mata, masifa kuma in ba ka sani ba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a cikin shekarar da ta biyo, kowane sandan ƙwaƙwalwa da za ka ce wa mai wuri ya saya sai ka yi bayaninsa kamar kana neman aure. Manhajar kyauta da ta tilasta sayen sabon inji da ƙarin batir ta riga ta ci kuɗi.

Cirewa ma ba ta kai girkawa tsabta ba. Helm yana barin wasu abubuwa a baya da gangan, musamman faifan bayanai da sababbin nau'o'in abubuwa da taswirar ta koya wa gungun, domin gudun kada ya share abin da ba a iya dawo da shi. Hikima ce, amma sakamakonta shi ne gungun da aka yi shekara uku ana gwada wannan a cire, a gwada wancan, yakan koma kamar sito mai cike da kayan da ba a san mai su ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kira a guji kundin. Wanda ya ce zai rubuta komai da hannunsa zai yi kuskuren da dubban mutane suka riga suka yi suka gyara a cikin taswirar da yake ƙyama. Mu da ke aiki mu kaɗai, babu tawaga, babu wanda zai karɓe mu in mun gaji, kundin nan ne ya sa muke iya yin abin da a da sai kamfani mai ma'aikata ashirin. Ina cin moriyarsa kullum. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki girkawa a matsayin ƙarshen aiki alhali ita ce ranar ɗaurin aure. Kubernetes yana fitar da sabuwar siga sau uku a shekara, kowace ana tallafa mata wata goma sha huɗu ko kusa da haka, kuma yakan cire tsofaffin hanyoyi. Siga ta 1.22 a 2021 da ta 1.25 a 2022 sun karya taswirori da yawa da masu su suka yi watsi da su. Duk ƙarin da ka ɗora ya zama ɗan gida, zai buƙaci sabuntawa, zai yi rashin lafiya, wata rana iyayensa za su mutu. Shi ya sa nake ƙirga su kamar yadda magidanci ke ƙirga bakunan da zai ciyar. Kuma gaskiya ita ce wasu wuraren da ake kira na ba Kubernetes suke buƙata ba sam. Inji ɗaya mai kyau, da kwafin bayanai da ake kai wa wani gini kowane dare, ya ishe su. Na sha faɗin haka, ba kuma kowa ke jin daɗinsa ba, musamman matasan da suka koyi abin a intanet suke ɗokin gwada shi. Ina fahimtarsu ƙwarai. Amma ɗakin gwajin jini ba filin atisaye ba ne.

A kowane wuri ina ajiye littafi na takarda, mai bangon kwali, a kan inbata. Kowane ƙari da aka girka yana da shafinsa: sunansa, sigarsa, inda aka ɗauko, wa ke kula da shi a can, izinin da aka ba shi, abin da zai tsaya in ya mutu, da abin da za a maye gurbinsa da shi. Sashen "wa ke kula da shi" ya fi kowane wahalar cikewa, kuma shi ya fi amfani. Nakan shiga shafin aikin a GitHub in duba yaushe aka yi gyara na ƙarshe, mutum nawa ne ke amsa ƙorafi, kamfani ne ke biyansu ko bayan sun tashi daga aiki suke yi. Littafin na wanda zai gaje ni ne, domin a wannan sana'a kowa matafiyi ne, kuma na ga abin da ke faruwa da wurin da iliminsa duka ya hau jirgi tare da mutum ɗaya.

A Nuwamban 2025 masu kula da Kubernetes suka sanar cewa za a yi wa Ingress NGINX ritaya, kulawa za ta tsaya a Maris 2026, babu sauran gyaran tsaro bayan nan. A cikin sanarwar suka faɗi abin da ya tsaya mini a rai: shekaru da dama mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da aikin, a lokacin hutunsu da ƙarshen mako. Ƙofar gidajen duniya masu ɗimbin yawa, har da na wasu 'yan ɗakuna a bayan Titin Zariya, ashe a wuyan mutum biyu take, ba su taɓa aiko wa kowa da takardar biya ba. Ba ni da abin faɗa musu sai godiya.

Shawarar da aka bayar ita ce a koma sabon tsarin da ake kira Gateway API, ko a ɗauki wani mai gadin da har yanzu yake da masu kula da shi. A littattafaina shafin Ingress NGINX ya fito a wurare huɗu. Na gama da biyu. Sauran biyun sai daren Juma'a, bayan an rufe, in batura sun cika, domin ɗayansu yana buɗewa ƙarfe bakwai na safiyar Asabar kuma layi kan fara tun kafin nan.